Ido Ya San Kalma, Kunne Bai San Ta Ba: Nazarin Lamarin Wata Nas da Jarrabawar IELTS

## Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa ma'aikaciyar jinya ce mai shekara 31, tana aiki a wani asibitin gwamnati a jihar Kano. Shekararta takwas a bakin aiki, tana da aure da 'ya'ya biyu, kuma aikinta na karɓa-karɓa ne: mako na safe, mako na yamma, mako na dare. Tana neman rajista da hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi ta Birtaniya, wato NMC. Daga cikin shaidun iya Turanci da hukumar ke karɓa akwai IELTS ta masu neman ilimi, wadda ake kira Academic. Sharaɗin shi ne maki 7 a karatu, 7 a sauraro, 7 a magana, 6.5 a rubutu, jimilla kuma, wato matsakaicin makin sassan huɗu, kada ta gaza 7.

Turanci ba baƙonta ba ne. Da shi ta yi sakandare, ta samu C5 a WAEC, da shi ta yi makarantar koyon jinya, da shi take rubuta rahoton marasa lafiya kullum. Sai dai kusan duk Turancin da ta sani ta ido ya shige ta, ko kuma daga bakin malamai da likitoci 'yan Najeriya. Ba a taɓa kunna mata faifai an auna jinta ba. Ko takarda ta uku ta Turancin WAEC, wadda ta shafi furuci, ɗalibin Najeriya a rubuce yake amsa ta ba tare da ya ji muryar kowa ba, saɓanin Gana da Gambiya da Saliyo inda ake sauraro.

Sashen sauraro na IELTS tambayoyi 40 ne, kashi huɗu, goma-goma, cikin kimanin minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna faifan. Kashi na ɗaya hira ce ta mutum biyu a kan harkar yau da kullum, galibi cike fom. Na biyu mutum ɗaya ne ke bayani, sau da yawa da taswira. Na uku tattaunawa ce ta ɗalibai, wani lokaci da malaminsu, har zuwa mutum huɗu. Na huɗu lacca ce. Ana jin lafazin Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan da Arewacin Amurka. Sashen karatu shi ma tambayoyi 40 ne a kan dogayen matani uku, jimillar kalmominsu tsakanin 2,150 da 2,750, cikin minti 60, ba ƙarin lokacin kwafe amsa. A ƙiyasin masu shirya jarrabawar, amsa daidai 23 na ba da maki 6, 30 na ba da 7, 35 na ba da 8, ko da yake adadin kan ɗan motsa daga takarda zuwa takarda.

## Janairu zuwa Maris: shiri na farko, mako 12

Ita kaɗai ta shirya wa kanta, da shawarar wani zauren WhatsApp na abokan aiki. Abu huɗu ta riƙe.

Na farko, amsa tsoffin tambayoyi daga littattafan da Cambridge ke bugawa, waɗanda kowannensu ke ɗauke da cikakkun jarrabawa huɗu, da amsoshi, da rubutun duk abin da aka faɗa a faifan. Kusan kullum takan yi sashe ɗaya, ta duba amsa, ta rubuta makin a bangon littafi, ta wuce. Rubutun faifan da ke bayan littafin ba ta buɗe shi. Cikin mako 12 ta cinye jarrabawa 20.

Na biyu, haddar kalmomi 30 a rana daga wani jeri da aka turo zauren, kowace kalma da ma'anarta a gefe. Takan karanta su ne yadda haruffansu suka nuna mata, ba ta jin yadda ake furta su.

Na uku, kallon fina-finan Amurka da daddare da rubutun ƙasan allo a kunne, da barin rediyon Turanci yana ta magana tana girki ko wanki.

Na huɗu, dabarun da ake yaɗawa a zauren: kada a karanta matani, a ja layi ƙarƙashin muhimmiyar kalma a tambaya, a nemo ta a matanin, amsa na kusa da ita. A zauren dai an sha turo lambobin masu cewa suna sayar da tambayoyi ko takardar sakamako. Ba ta bi ta kansu ba.

Amsoshinta daidai cikin 40 a makon farko: sauraro 22, karatu 24. Na mako na 12: sauraro 24, karatu 25. A tsakani akwai ranar da ta samu 29 a karatu, daga baya ta gane ta taɓa yin wannan takardar a waya.

## Afrilu: zama na farko

Ta zauna ta takarda da fensir. A ɗakin da aka ba ta, da lasifika aka kunna faifan, ita kuma kujerarta na can baya kusa da fanka. A kashi na uku ta rasa inda ake, sai da ta ji mutane na juya shafi ta farga an wuce ta da tambayoyi huɗu. A karatu, lokacin da mai sa ido ya ce saura minti goma, shigarta matani na uku ke nan. Tambayoyi takwas na ƙarshe canki-canka ta yi musu, tunda ba a rage maki don amsar kuskure.

Sakamako ya fito bayan kwana 13: sauraro 6.0, karatu 6.0, rubutu 6.5, magana 7.0, jimilla 6.5. Rubutu da magana sun cika sharaɗi. Sassan biyu da ta fi ba lokaci su ne suka gaza, kowanne da maki ɗaya cur, wato kimanin amsa bakwai-bakwai. Kuɗin rajistar ya haura albashinta na wata guda.

## Mayu: binciken inda gizo ke saƙa

Mijinta ya haɗa ta da wani malamin Turanci na kwalejin ilimi, suka shirya haɗuwa sau ɗaya a mako. Malamin bai fara da koyarwa ba. Ya sa ta yi jarrabawa huɗu daga littafin da ba ta taɓa buɗewa ba, cikin kwana takwas, da agogo, faifai sau ɗaya. Sa'an nan suka zauna da rubutun faifan suka bi kowace amsar da ta faɗi, ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarta abin da ta ji da abin da ya sa ta rubuta abin da ta rubuta.

A sauraro ta faɗi 68 cikin 160. Guda 21 kalmomi ne da ta sani sarai a rubuce amma ba ta gane su ba da aka furta. Guda 17 ta rasa su ne a jere bayan ta ɓata wuri. Guda 12 tarko ne: mai magana ya faɗi abu, ya dawo ya gyara, ita ta riga ta rubuta na farkon. Guda 11 kuskuren haruffa ne, ko lamba, ko yar da “s” ta jam'i. Guda 7 ne kawai kalmar ta kasance baƙuwa gare ta.

A karatu ta faɗi 62 cikin 160. Guda 27 lokaci ne ya ƙare. Guda 16 daga tambayoyin True, False, Not Given suke, wato inda ake tantance ko matani ya tabbatar da magana, ko ya ƙaryata ta, ko bai faɗe ta ba. Guda 11 daga haɗa kanun magana da sakin layi. Sauran 8 wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade ne ko kwafe amsa ba daidai ba.

Malamin ya ƙara gwaji biyu. Ya ba ta matani mai kalma 900 ya duba agogo. Leɓenta na motsi tana karantawa, yatsanta na bin layi, kuma in jimla ta yi tsawo takan tsaya ta juya ta Hausa a zuci kafin ta ci gaba. Saurinta ya kama kalma 110 a minti. Da wannan sauri, kalma 2,700 na cin kusan minti 25 a karatu ɗaya, ita kuwa sau biyu take karanta yawancin sakin layi.

Gwaji na biyu shifta ce. Ya kunna jimla ɗaya daga faifan, inda wata mata ke cewa “it should have been ready in a couple of hours”. Ta saurara sau uku ta rubuta “it should be ready in a cup of hours”. Ya miƙa mata rubutun. Ta duba, ta ɗago ta ce, “Malam, ai babu kalmar da ban sani ba a nan.” Ya ce, “Haka ne, Sista. Karanta min ita.” Ta karanta, kowace kalma a tsaye da wasalinta cikakke. Ya sake kunna faifan. A bakin Baturiyar “should have been” ta dunƙule ta zama kamar gaɓa uku gajeru, “have” ɗin saura ɗan sautin “v” kawai, “couple of” kuma ta manne da “hours”. Ta saurara har sau biyar kafin ta yarda jimla ɗaya ce da wadda ta karanta.

Bayanin da malamin ya yi mata ya shafi ginin harsunan biyu. Bahaushe yana ba kowace gaɓa haƙƙinta, bambancin yana a karin sauti da tsawon wasali. Turancin Ingila kuwa yana danna gaɓa ɗaya ya murƙushe na kewaye da ita, har ƙananan kalmomi irin su “of”, “to”, “for”, “have”, “was” su kusa ɓacewa. Kalmar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a haɗe, kuma mafi yawanci da wasali take ƙarewa, don haka tarin baƙaƙen ƙarshen “tests” ko “months” kunne kan yanke shi. Hausa ba ta raba “p” da “f”, ba ta da “v”, shi ya sa “copy” da “coffee”, “vote” da “boat” suke rikicewa. Sai matsalar sunayen haruffa: in Bature ya ambaci harafin E, abin da ke fita bakinsa “ii” ne, hannun wanda ya fara boko da Hausa sai ya rubuta i. In ya ambaci A, sai a rubuta e. A kashi na ɗaya, inda ake jero haruffan suna ko titi, wannan kaɗai ya ci mata amsa huɗu.

## Yuni zuwa Yuli: mako 1 zuwa 8 na shiri na biyu

Aka ware littattafai biyu da ba ta taɓa ba, jarrabawa takwas, aka ce ba za a taɓa su ba sai ranar Asabar bayan kowane mako biyu. Tsoffin 20 da ta riga ta yi suka koma kayan atisaye. Haddar jerin kalmomi da kallon fim a matsayin karatu aka dakatar da su.

Tsarin rana minti 90 ne, kwana shida a mako. A makon aikin dare ya koma minti 35, shifta da kwaikwayo kawai, kafin ta fita.

Shifta, minti 25. Ana ɗaukar guntun faifai na daƙiƙa 60 zuwa 90. A saurara sau ɗaya gaba ɗaya ba rubutu. A dawo a riƙa tsayarwa jimla-jimla ana rubutawa, kowace jimla ba ta wuce ji uku ba, abin da bai fito ba a bar masa gurbi. A buɗe rubutun faifan a gyara da jan biro. Kowane gyara a yi masa alama: kalmar sabuwa ce, ko sananniya ce da kunne bai kama ba. A sake saurara ido na kan rubutun, sa'an nan a rufe a saurara na ƙarshe. Bayan tsoffin faifan jarrabawa, ta yi amfani da shirin 6 Minute English na BBC, saboda ana samun rubutunsa kyauta kuma saukar da shi ba ya cin data sosai.

Kwaikwayo, minti 10. Guntun da aka gama shiftarsa shi ake kunnawa, tana bin bayan mai magana da murya, tana dunƙule abin da ya dunƙule. Manufar kunne ce: abin da baki ya iya furtawa a murƙushe, kunne ya fi saurin gane shi.

Karatu da agogo, minti 20. Matani ɗaya, baki a rufe, da farko har da fensir a tsakanin leɓe don hana motsi. An hana komawa baya, an hana ƙamus. Bayan kowane sakin layi ta rubuta abin da ya ƙunsa a gefe da kalma huɗu ko biyar na Turanci. In ta gama ta raba adadin kalmomi da mintuna ta rubuta.

Nau'in tambaya ɗaya, minti 25, sai kundin kurakurai, minti 10, inda take rubuta tambayar, amsarta, amsar daidai, da dalilin faɗuwa. Sabuwar kalma ba ta shiga kundin sai da jimlar da ta zo a ciki, kuma sai ta ji furucinta a ƙamus na waya.

Kowace Juma'a mijinta kan karanto mata haruffa da lambobi na minti biyar, amma aka ga lafazinsa irin nata ne, ba ya gwada komai. Aka maye gurbinsa da tattara duk wuraren jero haruffa da lambobin waya daga tsoffin faifai. Nan ta saba da “double” kafin harafi mai maimaituwa, da “oh” a madadin sifiri, da bambancin “thirteen” da “thirty”, wanda ya dogara da gaɓar da aka danna da tsawon wasalin ƙarshe.

Abu biyu sun ci tura a wannan zango. A makonni uku na farko takan rage saurin faifan zuwa kashi uku cikin huɗu don ta samu rubutawa. Shiftar ta yi kyau a takarda, amma da aka dawo saurin asali sai ta koma gidan jiya, domin a ragaggen sauri kalmomin na rarrabuwa, abin da ake son ta koya ke nan ya ɓace. Aka hana rage sauri, aka gajarta guntun zuwa daƙiƙa 45. Na biyu, a karatu ta matsa wa kanta har ta kai kalma 230 a minti a mako na 4, amma taƙaitawarta ta gefe ta daina dacewa da abin da ke cikin sakin layin. Gwajin mako na 4 ya nuna haka: sauraro 25, karatu 23, ƙasa da inda ta fara. Aka dawo da ita 160, da sharaɗin ba za a ƙara sauri ba sai taƙaitawa biyar cikin shida sun dace.

Tambayoyin True, False, Not Given sun ci mako uku su kaɗai. Da aka bi kurakuranta 16 na Mayu, 10 daga ciki Not Given ce amsar, ita ta zaɓi True ko False. Dalili biyu suka fito. Ɗaya, iliminta na asibiti: in matani ya shafi barci ko abinci ko cuta, takan amsa da abin da ta sani gaskiya ne a likitance, ko da marubucin bai faɗa ba. Ɗaya kuma, tana jin nauyin cewa ba a faɗi abu ba, gani take kamar ita ce ba ta gano wurin ba. Malamin ya kafa mata misali da Hausa. Matani ya ce yawancin rijiyoyin wata gunduma an haƙa su kafin 1950. In tambaya ta ce fiye da rabinsu sun girmi 1950, True ne. In ta ce kaɗan ne daga cikinsu aka haƙa kafin 1950, False ne, don matanin ya faɗi akasin haka. In ta ce tsoffin rijiyoyin sun fi sababbin zurfi, Not Given ne, ko da kowa a garin ya san haka abin yake. Dokar da aka ɗora mata ita ce kada ta rubuta True ko False sai ta ja layi ƙarƙashin jimlar da ta tabbatar ko ta ƙaryata. In minti ɗaya da rabi ya wuce ba jimlar, ta rubuta Not Given ta wuce. An kuma sa ta riƙa zagaye ƙananan kalmomi masu juya hukunci: “all”, “most”, “some”, “only”, “may”, “always”.

Dabarar farautar kalma ta zauren ita ce ta fi cutar da ita a haɗa kanun magana. Masu tsara tambaya sukan ɗauki kalma daga sakin layi su sa ta a kan maganar da ba ita ce amsa ba, amsar gaskiya kuma su faɗe ta da wasu kalmomi dabam. Taƙaitawar gefe ce ta magance wannan: ta rubuta tata tukuna, sa'an nan ta duba jerin ta nemi wadda ta fi kusa.

Gwajin mako na 6: sauraro 26, karatu 26. Na mako na 8: sauraro 28, karatu 28, sauri kalma 175 a minti.

## Agusta zuwa Satumba: mako 9 zuwa 16

A mako na 9 ta yanke shawarar zama ta kwamfuta, saboda kowa na da abin jinsa a kunne. Tambayoyin da tsawon lokacin karatu duk ɗaya ne, amma a sauraro babu minti goma na kwafe amsa da ta samu a ta takarda, minti biyu ne na dubawa. Ta ari laftof ɗin ƙaninta, ta yi gwajin kyauta da ke shafin masu jarrabawar don sanin fuskar allon: matani a hagu, tambayoyi a dama, agogo a sama. A gwajin mako na 10 sauraro ya faɗo zuwa 25, karatu 29. Da yatsa biyu take bugawa, ido na kan madannai, kafin ta ɗago an wuce. Daga ranar aka mayar da shifta kan laftof, aka ƙara minti goma na koyon bugu.

Ɓata wuri ya ragu ta hanya biyu. Amsoshin sauraro suna zuwa ne bi da bi yadda tambayoyin suke, don haka aka koya mata riƙe tambaya biyu a ido lokaci ɗaya, wadda ake kai da mai bi mata. In ta ji abin da ya shafi ta gaba, ta saki ta baya nan take. A daƙiƙun da ake bayarwa kafin kowane kashi kuma, maimakon ta koma duba abin da ya wuce, sai ta karanta na gaba ta ƙaddara irin amsar da gurbin ke nema: lamba ce, suna ne, jam'i ne ko tilo. Kashi na huɗu ya fi bukatar haka, tunda tambayoyi goman a jere suke tafiya ba dogon tsayawa a tsakiya.

Tarkon gyaran magana kuwa, ta tattara kalmomin da ke sanar da shi daga tsoffin faifai: “actually”, “sorry”, “no, wait”, “I meant”, “but then”. Ta saba rubuta amsar farko amma kunne na nan har mai magana ya bar zancen.

Kashi na uku ya tsaya cik a 5 ko 6 cikin 10 har mako na 12. A nan zaɓin amsa dogaye ne, kuma masu magana kan taɓo duka ukun kafin su tsaya a kan ɗaya. Sai aka koma yin shiftar kashi na uku kaɗai na mako biyu, tana rubuta wa ya kawo shawara, wa ya ƙi, da wace kalma ya ƙi. Abin da ya fito shi ne ba ta gane ƙin da aka lulluɓe. In ɗalibi ya ce “I'm not sure that would work” ko “that's one option, I suppose”, ita a wurinta bai yanke hukunci ba, alhali ya riga ya watsar da shawarar. Bayan mako biyun ta koma 7 zuwa 8.

A karatu aka raba minti 60 haka: 17 ga matani na ɗaya, 20 ga na biyu, 23 ga na uku, kuma in lokacin matani ya cika ta cike guraben da suka rage ta wuce. Daga mako na 12 gwajin Asabar ya zama cikakke, sauraro da karatu da rubutu a zama ɗaya ba hutu, da safe, yara na gidan kakarsu.

Mako na 12: sauraro 30, karatu 31. Mako na 14: 31 da 32. Mako na 16: 32 da 33, sauri kalma 190 a minti, wato kalma 2,700 cikin kimanin minti 14. Tun a Mayu an yi yarjejeniya ba za ta biya kuɗin rajista ba sai ta samu 30 ko fiye a sassan biyu sau uku a jere. Ranar ta biya.

## Oktoba: zama na biyu

Ta nemi musanyar aiki don kada makon jarrabawa ya faɗo a na dare. Kwana biyu na ƙarshe shifta ta minti 15 kawai ta yi. A ɗakin ta gwada abin jin ta daidaita ƙarar kafin a fara. Ta ce tambaya biyu sun kuɓuce mata a taswirar kashi na biyu, ta sake su ta kama ta gaba. Karatu ta gama da saura minti huɗu.

Sakamako: sauraro 7.0, karatu 7.5, rubutu 6.5, magana 7.0, jimilla 7.0. Sharaɗin ya cika a kowane sashe.

## Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Shiri na farko ba ƙarancin himma ya kayar da shi ba, awanninsa ma sun fi na biyu yawa a mako. Tsoffin tambayoyi ma'auni ne, kuma ta yi ta aunawa sau 20 ba tare da ta taɓa abin da ake aunawar ba. Mafi tsadar kuskuren shi ne barin rubutun faifan a rufe, domin a nan ne kaɗai mutum ke ganin tazarar abin da aka faɗa da abin da ya ji. Haddar kalmomi ta tafi ne ga matsalar da ba ta kai kashi ɗaya cikin tara na kurakuran sauraronta ba, ta kuma ƙara ɓarna, don duk kalmar da aka haddace da furucin da ido ya ƙirƙira, kunne ba zai gane ta ba in ta zo. Fim da rubutu a ƙasa karatu ne, ido ke aikin. Rediyo a bayan girki kuwa ba wanda ke tambayar me aka ce.

Kwana takwas ɗin Mayu da zaman bin kurakurai su ne suka juya lamarin. Ba don su ba, da an ba ta shawarar da ake ba kowa, a ƙara karatu a ƙara ƙoƙari, ta sake biyan kuɗi a kan maki 6. Shifta ta yi tasiri ne saboda tana tilasta wa kunne ya yi hukunci a kan kowace gaɓa, gyaran kuma na zuwa nan take. Ribarta ba ta fito ba sai wajen mako na 6 zuwa 8, kuma wannan jinkirin ne ke sa mutane da yawa su watsar da ita tun a mako na biyu. A karatu, yawancin ƙarin makin daga lokaci ya fito: tashi daga kalma 110 zuwa 190 a minti ya mayar mata da tambayoyin da a da ba ta ko kai gare su.

Akwai abin da ya kamata a yi dabam. Zaɓin kwamfuta ya dace a yi shi tun mako na 1, da bugun ya tafi tare da shifta, ba a yi asarar gwajin mako na 10 ba. Tambayoyin taswira ba a ware musu lokaci ba sam, kuma su ne suka ci mata amsa biyu a Oktoba, a sashen da makinta ya tsaya daidai kan iyaka. Mako ɗaya a kan “opposite”, “adjacent to”, “at the far end”, “just past”, da yatsa na bin taswira daga inda aka ce an tsaya, da ya isa.

Wannan tsari ya dace da wanda ya riga ya mallaki kalmomi da nahawu, kamar wannan nas da ta shekara takwas tana aiki da Turanci. Wanda bincikensa ya nuna rabin kurakuransa baƙin kalmomi ne, ko wanda ke samun ƙasa da 18 cikin 40, mako 16 ba za su ishe shi ba, kuma rabon mintunansa zai karkata ga karatu mai yawa na matani masu sauƙi kafin a zo ga agogo.